An Yi Shelar Rangwame, Kaya Babu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini, in yi magana bisa wata ɗabi'a ta waɗansu masu kantunan intanet, wadda ta dami jama'a amma ba mai cewa uffan.

Kowace shekara idan watan Nuwamba ya kama, sai su cika mana waya da shela, wai Juma'ar rangwame ta zo, al'adar da aka aro daga Amurka. Mutum ya ga kaya da rabin kuɗi, ya latsa, a ce masa sun ƙare. Amma hoton yana nan kafe a saman shafi har mako ya zagayo, a ƙarƙashinsa kuwa an jera irinsa masu tsada. To, jama'a, wannan ciniki ne, ko kuwa tana ce aka soka a fatsa?

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne a karɓi kuɗinka tukuna. Ni kaina bara na ga fanka mai caji a wani kanti, an rage ta daga naira 30,000 zuwa 18,000. Na biya ta banki, kuɗi suka fita nan take. Bayan kwana huɗu saƙo ya zo, wai kaya sun ƙare, in yi haƙuri. Na ce to, a mayar mini da kuɗina. Aka ce sai dai a ajiye mini su a asusun kantin, in zaɓi wani abu. Sai da na yi mako uku ina bugun waya kafin su dawo, fankar kuwa ta riga ta koma kuɗinta na dā.

Ya kamata 'yan'uwa su san inda hakkinsu ya tsaya. Dokar ciniki da muka gada daga Ingila ta ɗauki talla a kan kira zuwa ciniki, ba ƙulla shi ba. Saboda haka in ba ka biya ba, da wuya ka tilasta wa mai kanti ya nemo maka kayan. Amma wannan bai ba shi damar yaudara ba. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019, ta hana tallan da zai ruɗi mai saye, ta kuma kafa hukumar FCCPC a madadin majalisar da aka kafa a 1992. In kuwa an karɓi kuɗi ba a kawo kaya ba, kuɗin nan naka ne, ba ajiyar kanti ba ne.

Mu ai wannan ba baƙon hukunci ba ne a gare mu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Hakimu ɗan Hizamu sayar da abin da ba ya hannunsa. Ko cinikin salam da malamai suka halatta, inda ake ba da kuɗi kafin kaya, sai an faɗi siffa da adadi da ajali. A kasuwar Kurmi, in ɗan kasuwa ya ce "Alhaji, sun ƙare," kuɗinka na aljihunka. Don me na intanet zai fi shi gata?

A Amurka, inda al'adar ta fito, wanda ya yi ciniki ta intanet dole ya aika da kaya a lokacin da ya ambata, in bai ambata ba cikin kwana 30, ko kuwa ya ba mai saye zaɓin fasawa da karɓar kuɗinsa. Mun aro rangwamen, mun bar linzamin a can.

Roƙona ga hukuma shi ne a tilasta wa kowane kanti ya rubuta yawan kayan da ya sa a rangwame, in guda goma ne a ce goma, in sun ƙare a sauke tallan. Ku kuma masu saye, ku ɗauki hoton tallan da kuɗinsa kafin ku biya, ku adana rasit da saƙon banki, gama su hukumar za ta nema ranar da kuka kai ƙara.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani mai karatun jarida, Zariya.