Yaron Mahauci Da Ya Zama Sarkin Tseren Keke

A wurinmu keke abin biyan bukata ne. Malami ya hau ya tafi makaranta, masinja ya hau ya kai takarda, ɗan kasuwa ya ɗaura masa kaya har sai ka tausaya wa tayar baya. Amma a waɗansu ƙasashen Turai, musamman Italiya da Faransa da Beljiyam, akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai tseren keke. Da shi su ke ci, da shi su ke sha, kamfanoni na biyansu albashi kamar yadda a ke biyan ma'aikaci. Wanda bai san abin ba ya kan ce wasan yara ne. Sabo da haka na ga ya kamata in ba ku labarin wani mutumin Italiya, sunansa Fausto Koppi, wanda har yau mutanen ƙasarsu ba su daina zancensa ba.

An haifi Koppi a 1919, a wani ɗan ƙauye da a ke kira Kastelaniya, a arewacin Italiya. Ubansa manomi ne, ba mai hali ba. Yaron kuwa siriri ne, ga dogayen ƙafafu, ba wanda zai dube shi ya ce zai yi wani abin ƙarfi. Yana da shekara 13 ya bar makaranta, aka kai shi garin Nobi wurin wani mai kantin nama, aikinsa shi ne ya ɗauki saƙo a kan keke ya kai gidajen masu saye. Nan ƙafarsa ta saba da feda. Da wani baffansa, ma'aikacin jirgin ruwa, ya ga yaron ba shi da zance sai na keke, sai suka haɗa kuɗi shi da uban, aka yi masa keken tsere a birnin Jenowa. Yana da shekara 15 ya shiga tseren yara, ya zo na ɗaya, aka ba shi 'yan kuɗi da gurasa.

To, a garin nan na Nobi akwai wani dattijo makaho mai suna Kabanna, sana'arsa tausa ga 'yan tsere. Ba ya gani, amma in ya ɗora hannu a cinyar yaro, ya taɓa wuyansa, ya ji bugun zuciyarsa, ya kan san ko za a mori yaron ko ba za a more shi ba. Aka kai masa Koppi, ya laluba shi, ya karɓe shi. Daga ran nan sai horo: tashi tun da asuba, tafiyar mil da yawa kafin rana ta yi zafi, kwanciya da wuri, ba yawon dare. Ni dai a duk labarin nan ba wanda ya ke ba ni mamaki kamar makahon nan. Masu ido sun yi shekaru suna ganin yaron yana wucewa da kwandon nama, ba su ga kome ba.

Ya kamata in bayyana muku yadda a ke babban tseren, don kada ku zaci irin wanda yaranmu ke yi ne daga bakin kasuwa zuwa ƙofar gari. A Italiya akwai wanda a ke kira Jiro, watau kewayen ƙasa, a Faransa kuma akwai Tur. Kowanne a kan yi kamar mako uku ana yinsa, tafiyar ta fi mil 2,000, kullum a tashi daga wani gari a sauka a wani, ana rubuta lokacin da kowa ya ci. Ran ƙarshe a haɗa lissafi, wanda lokacinsa ya fi kaɗan shi ya ci. 'Yan tseren kuwa ƙungiya ƙungiya su ke, kowace ƙungiya da ubangida ɗaya, sauran duk barorinsa ne. Bara ya kan shiga gaba ya tare wa ubangidansa iska, gama duk wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu ya san iska ita ce rabin wahalar. Shi ne mai ɗebo masa ruwa, in kuma tayar ubangida ta fashe, ya cire tasa ya ba shi, shi ya tsaya a bakin hanya.

A 1940 aka ɗauki Koppi a matsayin bara ga Jino Bartali, wanda a lokacin shi ne gwanin Italiya duka, ya kuma girme shi da shekara biyar. Tun a farkon Jiro kare ya gitta wa Bartali, ya faɗi ya ji ciwo, aka bar shi a baya. Da aka ga haka sai aka sakar wa yaron linzami. Ran da aka tashi daga Fulorans za a Modena, ana ruwan sama, ya tsere wa kowa a kan dutse, ya karɓi rigar jagaba, bai kuwa sake ba da ita ba. Ya ci Jiro yana da shekara 20, har yau ba a sami wanda ya ci shi da ƙuruciya irin wannan ba. Aka gama tsere ran 9 ga Yuni, kashegari Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin nan da sojojinmu suka kara da Italiyawa a Habasha.

Aka ɗauke shi soja. Kafin a tura shi fagen fama, a Nuwamba 1942, ya shiga wani filin tsere a Milan don a ga iyakar nisan da zai yi cikin awa guda, shi kaɗai. Ya yi kilomita 45 da mita 798, watau mil 28 da kusan rabi, ba wanda ya wuce wannan sai a 1956. Ni da na ke haki in na yi mil uku zuwa ofis, na kan rasa abin cewa game da wannan lissafi. A 1943 aka kai shi Tunisiya, sojan Ingila suka kama shi, ya zauna fursunan yaƙi har 1945. Jiro kuwa shekara biyar ba a yi shi ba. Shekarun da ƙarfin ɗan tsere ke kan ganiyarsa, yaƙi ya cinye masa su.

Da ya komo sai ya zama kamar an saki doki daga turke. A 1946, a tseren Milan zuwa Sanremo, ya riga na biyu isa da minti 14. A 1949 ya ci Jiro ya kuma ci Tur cikin shekara guda, abin da ba a taɓa yi ba kafinsa, ya sake yin haka a 1952. A Jiro na 1949 ɗin ne ya yi abin da tsofaffinsu suka daɗe suna ba jikoki labari: ya rabu da taro tun da sauran kilomita 192 a isa masauki, nisan da ya fi na Kano zuwa Zariya, ya haye manyan duwatsu biyar shi kaɗai, Bartali bai iso ba sai bayan kusan minti 12. Suka yi masa laƙabi da Zalɓe, don siffarsa a kan keke. Jimla ya ci Jiro sau biyar, Tur sau biyu, ya zama zakaran duniya a 1953. Mutanen Italiya suka rabu biyu, 'yan Koppi da 'yan Bartali, har a cikin gida ɗaya a kan sami uba da ɗa ba sa ga maciji a kan wannan magana.

Amma kada wani yaro ya ji wannan ya ce ya sami sana'a mai sauƙi. Ƙasusuwan Koppi ba su da ƙwari, ya karye ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har ƙugunsa ya tsage a 1950. Ƙanensa Sarse, wanda shi ne baransa kuma amininsa, tayarsa ta shiga titin jirgin cikin gari a Turin a 1951, ya faɗi ya bugu a ka. Ya tashi ya koma masauki kamar ba kome, kafin gari ya waye ya rasu. Akwai kuma abin da ban yaba masa ba. Shi da bakinsa ya faɗa a bainar jama'a cewa ya kan sha ƙwayoyin hana gajiya. Gaskiya ne a zamanin ba a kafa dokar hana su ba tukuna, amma rashin doka bai mai da guba ta zama magani ba. Ya kuma bar matarsa ya koma zama da matar wani, har maganar ta kai su gaban alƙali a 1955, mutane da yawa suka juya masa baya.

Ƙarshen labarin kuwa a nan kusa da mu ya faru. A Disamba 1959 aka gayyace shi, da shi da waɗansu 'yan tseren Faransa, zuwa ƙasar Bolta ta Sama, wadda tun 1984 a ke kira Burkina Faso. Suka yi tsere a Wagadugu, ya zo na biyu, sa'an nan aka kai su farauta wajen Fada Ngurma. Ɗaki ɗaya aka sauke su da wani Bafaranshe abokinsa, Rafayel Jeminiyani, sauro ya hana su barci. Kowa ya koma ƙasarsa, kafin ƙarshen wata dukansu biyu suka kwanta da zazzaɓi.

A Faransa, da ciwon Jeminiyani ya yi tsanani har ya fita hayyacinsa, aka ɗebi jininsa aka auna, aka ga zazzaɓin cizon sauro ne, mugun irin nan mai taɓa ƙwaƙwalwa. Aka ɗura masa kwinin. Iyalinsa suka buga waya Italiya suka ce a gaggauta yi wa Koppi haka. Likitocin da ke kansa ba su saba ganin wannan ciwo ba, sun riga sun ƙudurta mura ce ta sauka masa a huhu, ba su karɓi maganar ba. Ciwon da tsohuwa a ƙauyenmu za ta gane da ta ga rawar ɗari da zufa, kowane ma'aikacin asibitin gunduma ya san maganinsa, shi ya gagari masana a Turai, don ba su tsaya sun yi la'akari da inda majiyyacin ya fito ba.

Koppi ya rasu da safiyar 2 ga Janairu 1960, a garin Tortona, yana da shekara 40. Dubban mutane suka hau tudun Kastelaniya cikin sanyi don su raka gawarsa, aka binne shi, yanzu kabarinsa na kusa da na ƙanensa. Tun 1965 dutsen da ya fi kowane tsawo a hanyar Jiro ta kowace shekara da sunansa a ke kiransa. Jeminiyani kuwa ya warke, ya koma bakin aikinsa, bai rasu ba sai a 2024, yana da shekara 99.