Mai dai mai ne, ko da na inabi ne

Duk wanda ya san tarihin Yamai ya san Lazare ba da daɗi ta soma ba. A shekarun 1973 da 1974, da fari ya cinye dabbobin arewa, nan aka kafa sansanin da dubban makiyaya suka fake, suna jiran mudun hatsin agaji. Yau shekara hamsin ke nan da ɗoriya, kuma a wannan unguwa da nake zaune, abin da ke hana wasu barci shi ne yadda za su rage ƙiba. Mun taso muna ganin ana yi wa mace hangandi don ta cika ido, ana kiran tumbin alhaji alamar arziki. Yanzu hawan jini da ciwon sukari sun sa an soma yi wa teɓa wani kallo. To, ita kasuwa ba ta barci: wanda ya sayar da maganin ƙiba jiya, shi ke sayar da na rama yau.

Sabon abin da ya shigo shi ne man ƙwayar inabi, wanda ake rubuta "huile de pépins de raisin" a jikin kwalbarsa. Ana yawo da tallarsa a WhatsApp, wai cokali biyu da safe kafin karin kumallo yana narkar da kitsen ciki, ya wanke jini, ya kori sukari. Wata maƙwabciyata, malamar makaranta, ta nuna mani tata kwalbar da ta saya da kuɗin da zai ishe ta man miya na makonni. Ta ce: "Malam, wata guda ke nan ina sha, amma zanena bai ƙara yawa ba." Na ce: "Hajiya, ɗauko alƙalami mu yi lissafi."

Ga lissafin, ya ku masu karatu. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, abin da jiki bai ƙona ba kuwa sai ya ajiye shi kitse. Kowane giram na mai yana da kalori 9, ko na gyaɗa ne, ko manja, ko na zaitun, ko na inabi. Babban cokali ɗaya ya kai kalori 120. Cokali biyu kullum, 240 ke nan. A kwana 30 sun zama 7.200. Kilo ɗaya na kitsen jikin mutum kuwa wajen kalori 7.700 ne. Ashe wanda ya ɗora man nan a kan tuwonsa da shinkafarsa, bai rage komai ba, kusan kilo guda yake saye wa kansa a wata, da kuɗinsa. Kowane ɗan kasuwa ya san ba a rage kaya a mangaza ta hanyar ƙara sauke buhu.

Shi man daga ina yake? Daga masana'antun giya na Faransa da Italiya da Ispaniya. In an matse inabi sai a bar tusa, a tsince ƙwayoyin, a shanya, a fitar da mai. Babu giya a cikinsa. Amma da yake man da ke ƙwayar kaɗan ne, galibi da wani sinadari mai suna hekzan ake tsamo shi, sannan a tace, kamar dai sauran man masana'anta. Abin da a da ake zubarwa ne aka sama wa kasuwa, kuma wannan dabara ce, ba laifi ba.

Ba zan ce ba shi da amfani ba. Yana da bitamin E, kuma daskararren kitse, irin wanda ke ƙara kolesterol a jini, bai wuce kashi 10 cikin 100 ba a cikinsa, alhali a manja ya kusa rabi. Wanda ya sauke manja ko man shanu ya sa shi a madadinsu, ya yi wa zuciyarsa alheri. Amma a lura: a madadinsu, ba a kansu ba. Man gyaɗa ma yana wannan aiki, don nasa daskararren kitsen bai kai kashi 20 ba, kuma ya fi na inabi jure maimaita suya, irin ta mai ƙosai.

Akwai wani abin dariya. Sinadarin da masu talla ke yawan kira OPC, wanda suke jingina wa gyaran jijiyoyin jini, wani Bafaranshe ne, Jacques Masquelier na jami'ar Bordo, ya fara fitar da shi a ƙarshen shekarun 1940. Kun san daga ina? Daga jar fatar gyaɗa, wadda matanmu ke murzawa su sheƙe wa awaki. Sai daga baya aka koma ga ƙwayar inabi. Kuma sinadarin ba ya narkewa cikin mai, don haka yawancinsa a tunkuza yake zama, ba ya shiga kwalba. Mu da gyaɗa ta riƙe ƙasarmu kafin uraniyom, har aka kafa SONARA a 1962 don cinikinta, yau mu ne ke raina man da matan Maraɗi da Matamai ke matsewa da hannunsu.

A can inda ake yin man, dokar Tarayyar Turai ta 2006 ta hana mai sayar da abinci ya yi tallar cewa kayansa na rage kilo kaza cikin kwana kaza. Saboda haka Bature yana sayen sa ne don salati da girki. Sai ya tsallako teku yake zama magani a bakin dillali.

Asarar kuɗi da sauƙi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mai ciwon sukari ko hawan jini ya ji an ce man nan na wanke jini, ya ajiye ƙwayoyin da lokotoro ya rubuta masa. Hawan jini ba ya sallama. Ranar da zai nuna kansa, sau da yawa ɓarin jiki ya riga ya shanye. Babu man girkin da ke maye gurbin magani.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada maiƙo ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini. A gidajenmu wannan na nufin a auna mai da cokali maimakon a tuttula, kada miya ta riƙa iyo. A rage sukari a shayin fada da lemun kwalba, a ƙara zogale a dambu. Ma'aikacin da ke yini a kujerar biro, da ɗan kasuwar da ke yini a tabarmar kanti, su samu rabin awa su taka da ƙafa bayan la'asar. Wanda ya ba shekara 40 baya ya riƙa zuwa likita a auna masa jini da sukari.

Ƴan kasuwa kuma, ku kawo man ku sayar, halalinku ne, amma ku kira shi da sunansa: man girki. Riba da ƙaryar magani, wani ke biyanta da ransa.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.