Shatar jirgi zuwa Blue Lagoon: gudun cunkoso ko ƙara shi?

Jama'a, duk mai shiga Instagram ko Facebook ya taɓa cin karo da hoton nan: ruwa shuɗi garai-garai, ana hango farin rairayi a ƙasansa, ga wani ko wata na iyo shi kaɗai kamar gadon gidansu. Da yawa daga cikin hotunan nan a wuri ɗaya aka ɗauke su, wato Blue Lagoon da ke tsibirin Komino a ƙasar Malta, can tsakiyar Bahar Rum, kudu da Sisili ta Italiya. Abin da mai hoton ba zai nuna muku ba shi ne dubban mutanen da ke bayansa, kowa na jiran a matsa masa ya ɗauki nasa.

Komino ɗan ƙaramin tsibiri ne tsakanin babban tsibirin Malta da na Gozo. Faɗinsa murabba'in kilomita 3.5 ne kacal, dutse ne da ƙananan tsirrai, babu gari, mazaunansa na dindindin kuwa da yatsun hannu ɗaya ake ƙirga su. Shi wurin wankan wata 'yar mashiga ce tsakanin Komino da wani ɗan tsibiri da ake kira Kominoto. Ruwan ba shi da zurfi, ƙasansa farin rairayi ne, shi ya sa idan rana ta haska yake ba da wannan launin da ke ruɗar mutane. To amma gaɓar da za a zauna ba ta taka kara ta karya ba. Ɗan rairayi ne kaɗan, sauran duk duwatsu ne masu kaifi. A wannan ɗan wurin ne aka riƙa sauke mutane har kusan 12,000 a rana ɗaya a tsakiyar lokacin zafi na 2024, shekarar da Malta, ƙasar da mutanenta suka ɗan haura rabin miliyan, ta karɓi baƙi fiye da miliyan 3 da rabi.

Da hantsi ake fara ganin abin. Manyan jirage daga Sliema da Bujibba suna isowa da kiɗa, ƙananan jiragen fito daga Cirkewwa da Gozo suna sauke wasu su juya su ɗebo wasu. Kafin azahar wurin ya koma kamar Kantin Kwari ana jajiberin Sallah, sai dai nan kowa da tawul a kafaɗa. Ga layi a bakin rumfunan da ke sayar da abin sha a cikin ƙwaryar abarba, ga layin banɗaki, ga mai neman inda zai ajiye takalminsa ya rasa. Wanda ya sha abarbarsa ya ɗauki hoto da ita sai ya dire ɓawon a kan dutse ya yi gaba, ƙudaje da zanzaro su karɓi aiki.

Daga nan ne kasuwar shata ta buɗe. Maimakon ka bi jirgin kowa da kowa, sai ku haɗu ku shida ko takwas ku ɗauki shatar ƙaramin jirgi mai inji da matuƙinsa, na rabin yini ko yini guda. Kuɗin yakan kai ɗaruruwan Yuro, alhali jirgin fito ɗan abin da ba a rasa ba ne. Kuma maganar gaskiya dabarar tana aiki, ba zan ɓoye muku ba. Matuƙin da ya san wurin zai fito da ku tun da sassafe, ku yi iyonku kafin manyan jiragen su ɗaga daga tasha. Da ya hango su sun tunkaro sai ya ce ku hau, ya zagaya da ku Crystal Lagoon, inda duwatsu masu tsayi suka kewaye ruwa mai zurfi, wurin da ya fi sauƙin shiga ta jirgi. A samansa ga hasumiyar Santa Mariya da aka gina a 1618, wadda aka yi amfani da ita a matsayin kurkuku a fim ɗin The Count of Monte Cristo na 2002. Daga can sai kogunan dutse na Santa Mariya, inda ƙaramin jirgi kan kutsa har ciki. Idan iskar arewa maso yamma ta taso, shi ya san gefen da ke da lumana. Da la'asar sakaliya, bayan taron ya watse, ya dawo da ku inda kuka fara. Ko da yake in kana sammako wani a tafe ya kwana, don za ku tarar da masu jiragen da suka kwana a wurin.

Sai dai ga inda nake da ja. Mai shatar jirgi yana jin kamar ya fita daga cikin taron, alhali gefe kawai ya koma yana kallonsa. Shi ma mutum ne a kan Komino, kuma ya zo da inji, da hayaƙi, da ƙara. Jirgi ɗaya mai ɗaukar mutum ɗari biyu sau ɗaya zai tsaya. Idan mutanen nan ɗari biyu kowa ya ce shi ma shata zai yi, lissafa jirage nawa ke nan, kowanne da ƙarfensa mai ƙugiya da zai jefa ƙasan ruwa don ya tsaya.

Wannan ƙarfen, anga, shi ne ɓarnar da ba a gani a hoto. A ƙasan Bahar Rum akwai wata ciyawa da masana ke kira Posidoniya, wadda nau'inta na nan babu shi a ko'ina a duniya sai a wannan tekun. Ita ke riƙe rairayi, ita ce gidan renon ƙananan kifaye, kuma tana cikin abin da ke sa ruwan ya yi garau. Matsalarta jinkirin girma: 'yan santimita kaɗan take yaɗuwa a shekara. Idan anga ta faɗa cikinta, sarƙa ta yi ta sharar ƙasa duk lokacin da iska ta juya jirgin, sannan aka fizgo ta, sai ta fito da ciyawar har saiwa. Abin da aka tumɓuke cikin minti biyu yana iya ɗaukar shekaru gommai bai dawo ba. Don haka ne tsibiran Baliyarik na Sifaniya, irin su Mayorka da Ibiza, suka haramta jefa anga a kanta tun 2018. Komino kuwa yana cikin wuraren da Tarayyar Turai ta keɓe don kare halittu a ƙarƙashin tsarin Natura 2000, amma suna a takarda daban, abin da ke faruwa a ruwa daban.

Su kansu 'yan Malta abin ya daɗe yana ci musu tuwo a ƙwarya. A watan Yunin 2022 'yan wata ƙungiya mai suna Moviment Graffitti suka je da sassafe suka kwashe kujerun haya da laimomin da 'yan kasuwa ke jerawa su cika gaɓar tun kafin kowa ya iso, suna cewa wurin na jama'a ne, ba na mai kuɗin haya ba. A watan Mayun 2025 gwamnati ta shigo da tsarin yin rajista ta intanet, kyauta, aka raba yini gida uku, safe da rana da yamma, kuma kada a wuce mutum 4,000 a lokaci guda. Ƙungiyoyin kare muhalli sun ce adadin har yanzu ya yi yawa, ni ma haka nake gani, domin mutum 4,000 a kan wannan ɗan dutsen ba sarari ba ne. Kuma tsarin masu taka ƙasa ya fi shafa. Wanda ya zauna a jirginsa ya riƙa faɗawa ruwa daga nan, lissafin bai cika hawa kansa ba. Kun ga ke nan dokar ta matse mai ƙaramin ƙarfi, ta bar wa mai shata hanya a buɗe.

Tailan ta riga ta ga ƙarshen irin wannan. Maya Bay, da fim ɗin The Beach na 2000 ya fito da shi, sai da aka rufe shi gaba ɗaya a 2018. Da aka sake buɗewa a Janairun 2022, an hana jirage shiga mashigar, an kuma hana iyo. Masu shata da masu jirgin haya duk dokar ɗaya ta hau kansu.

Ban ce kada kowa ya yi shata ba. Mai tafiya da tsofaffi ko ƙananan yara, ko matan da ba sa son yin wanka a tsakiyar dubban idanu, yana da hujjarsa, kuma hujja ce mai ƙarfi. Amma wanda cunkoso kawai yake gudu, lokaci ya fi kuɗi yi masa aiki. Jirgin fito na farko da safe yana kai mutum kafin taron, kuma a ƙarshen Satumba zuwa Oktoba ruwan yana nan da ɗuminsa, baƙi sun ragu.

Idan kuwa shatar ce lallai, don Allah kafin ka biya ka tambayi matuƙin inda yake jefa angarsa. Daga kan jirgi ana gani: inda ruwa ya yi haske rairayi ne, inda ya yi duhu akasari ciyawa ce. Ka ce masa a kan hasken za ku tsaya, ya rage kiɗa, kuma sharar da kuka zo da ita ku koma da abarku. Matuƙin da ya ɓata rai don ka yi wannan tambayar, ka nemi wani.