Ƙofa a buɗe take, amma kwanakin baƙo ƙidayayyu ne

 

Duk wanda ya tashi a Djamboutou ya san cewa akwai wata Jambutu a Jimeta, can ƙasar Yola, har da babbar tashar mota mai wannan suna. Sunan ɗaya ne, sai dai Bafaranshe ya rubuta namu da alƙalaminsa, Bature ɗan Ingila kuma ya rubuta nasu da nasa. Kusan babu gida a cikinmu da ba shi da gwaggo ko kawu ko 'yar da aka aurar a Yola ko Mubi ko Kano. Shi ya sa idan hutun makaranta ya zo, ko aka aiko da goron biki, sai ka ji ana cewa, "Ai Najeriya babu biza." Maganar gaskiya ce, amma rabinta kawai ake faɗa. Ɗaya rabin shi muke so mu tattauna a wannan fitowa.

Kakanninmu ba su san wannan iyaka ba. A zamaninsu Garwa tana ƙarƙashin Lamiɗon Adamawa, wanda fadarsa ke Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841. A 1893 ne Ingila da Jamus suka ja layi a kan takarda, Yola ta faɗa rabon Ingila, Garwa kuma rabon Jamus, waɗanda suka kame ta a 1901. Bayan yaƙin 1915 ta koma hannun Faransa. Daga baya, a ƙuri'ar raba gardama ta 11 ga Fabrairu 1961, yankin da Mubi ke ciki ya zaɓi ya bi Najeriya. Haka dangi ɗaya suka wayi gari da tutoci biyu, alhali kogin Binuwai bai fasa gangarawa daga Garwa zuwa Yola ba.

Da ƙasashen biyu suka sami 'yanci, sai suka ƙulla yarjejeniyar zumunci da ta zirga-zirgar jama'a a 1963. Albarkacin wannan fahimtar juna, ɗan Kamaru yana shiga Najeriya ba tare da biza ba har tsawon kwana 90, haka shi ma ɗan Najeriya idan ya zo mana. Ya kamata mu lura cewa Kamaru ba ta cikin ƙungiyar CEDEAO, wadda ta yafe wa 'ya'yanta biza tun da ƙa'idar 1979. Rangwamen da muke samu a Najeriya tsakaninmu da ita ne kaɗai, ba ya bin mu zuwa kowace ƙasa ta yammacin Afirka. Wanda zai zarce gaba da Kano sai ya binciki dokar ƙasar da ya nufa tun yana gida.

Ta gabas kuwa ƙungiyarmu ita ce CEMAC, mai ƙasashe shida: Kamaru, Cadi, Afirka ta Tsakiya, Kongo, Gabon da Gini Ikwatoriya. Shugabanninta sun amince da yafe biza a 2013, amma sai a ƙarshen Oktoba 2017, a taron Njamena, aka tabbatar cewa dukansu sun shiga. Nan ma wa'adin kwana 90 ne. Saboda haka mai zuwa Lere ta hanyar Figil, ko mai tsallaka gadar Ngeli daga Kuseri zuwa Njamena, ba ya neman biza. Can nesa kuma, Benin da Ruwanda sun buɗe wa dukan 'yan Afirka ƙofa, Kenya ma ta bi sahu a 2025 ga mafi yawan ƙasashen nahiyar, kowacce da nata adadin kwanaki.

To, mene ne rabin da ba a faɗa? Abu na farko, biza aka yafe mana, ba a yafe mana takarda ba. Mu mutanen bakin iyaka muna da wata jarrabawa ta daban: muna jin Hausa, muna jin Fillanci, rigarmu irin tasu ce, hularmu irin tasu, babu mai kallonmu a kasuwar Jimeta ya ce ga baƙo. Wannan sauƙi shi ke sa mutum ya manta cewa a idon doka shi ɗan wata ƙasa ne. Yakan bi ta Gashiga da Demsa ya faɗa Belel da katin ɗan ƙasa kawai a aljihu, ko ma ya ratse ta daji a kan babur, ya je ya dawo lafiya sau goma. A karo na goma sha ɗaya sai a tsayar da motar can cikin ƙasa, inda babu wanda ya san kakansa. A ranar nan abin da zai yi magana a madadinsa shi ne fasfo mai rai da hatimin shiga a cikinsa. Hatimin nan shi ne shaidar ranar da aka fara ƙidaya masa kwanaki, wanda kuwa ba shi da shi ba ya iya nuna cewa bai wuce wa'adi ba. Mun sha jin koke a kan masu tsaron shingayen hanya da ke neman na goro. Koken yana da tushe, amma mun lura cewa wanda takardunsa suka cika ya fi ƙarfin baki a gabansu.

Ba mu jahilci tsadar abin ba. Fasfon Kamaru na zamani, wanda aka fara bayarwa a Yuli 2021, kuɗinsa sefa 110,000 ne, wannan kuwa ba ƙaramin nauyi ba ne ga magidanci mai iyali. Amma wanda ya saba tafiya ya lissafa abin da yake zubarwa a hanya cikin shekara biyar, zai ga wanne ya fi arha. Sai katin allurar shawara, mai launin ɗorawa, wanda ƙasashen nan duka ke tambaya. Allurar tana fara aiki kwana 10 bayan an yi ta, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce katin na tsawon rai ne, ba sai an sabunta ba. Yara kuma kada a sa su a mota ba tare da takardar haihuwa ba, idan kuwa za su bi kaka ko gwaggo, a haɗa su da takardar izinin iyaye wadda hukuma ta buga wa hatimi.

Abu na biyu, ziyara ziyara ce. Kwana 90 ɗin nan an ba da su ne domin biki da gaisuwar rasuwa da duba mara lafiya da buɗe ido, kamar wanda zai kai yaransa su ga giwayen Yankari ko ganuwar Kano. Ba izinin zama ba ne, ba kuma izinin aiki ba. A nan ne gidajenmu suka fi shiga matsala. Saurayi ya tafi hutu wurin kawunsa, aka ce ya ɗan riƙe shago, sai wata uku ya zama shekara uku. Tsohuwa ta je jinya, jiki ya ƙi daɗi, babu wanda ya tuna da ranar da ke cikin fasfo. A 2025 hukumomin Najeriya sun sanar da tarar dala 15 a kan kowace rana da baƙo ya ƙara bayan wa'adinsa, tare da hana shiga ƙasar na wasu shekaru ga wanda ya daɗe ƙwarai. Ku duba abin da wannan ke nufi ga mutumin da mahaifiyarsa ke Yola. Wanda lalura ta riƙe ya je ofishin shige da fice tun kwanakinsa ba su ƙare ba, wanda kuma ya yi niyyar zama ya nemi takardar zama ta hanyarta.

Abu na uku ya fi sauran nauyi. Wasu, don gudun wannan ɗawainiya, sukan karɓi shawarar cewa su yi takardun can kawai, tunda babu mai gane su. Dokar ɗan ƙasa ta Kamaru, ta 11 ga Yuni 1968, ba ta yarda baligi ya riƙe ƙasa biyu ba: wanda ya ɗauki wata ƙasa da son ransa ya rasa tasa. Wanda kuwa ya sami takarda ta hanyar ƙarya a kan garin haihuwarsa, ya bar wa 'ya'yansa rigima a ranar rabon gado da ranar jarrabawa, ban da nauyin ƙaryar da ke wuyansa.

Kada mu manta kuma cewa ƙofar da aka buɗe ana iya rufe ta. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agusta 2019, ba ta fara buɗe su ba sai Disamba 2020. Kamaru ma ta rufe nata a Maris 2020 saboda annobar korona. Mun ga yadda bukukuwa suka wuce babu dangin wancan ɓangare, mun ga yadda aka yi ta'aziyya ta waya. Gwamnatoci sukan duba yadda baƙi ke riƙe alƙawari kafin su ci gaba da rangwame, saboda haka duk wanda ya wuce wa'adi yana taɓa haƙƙin na bayansa.

Malamanmu sun karantar da mu cewa baƙo yana da haƙƙi a kan mai gida, amma bai kamata ya zauna har ya ƙuntata masa ba. Hausawa kuma suka ce baƙo raɓa ne. Ƙasar da ta ce mu shigo babu biza ta yi mana karamcin mai gida, abin da ya rage gare mu shi ne ladabin baƙo: mu shiga ta ƙofa, mu faɗi sunanmu na gaskiya, mu ƙidaya kwanakinmu, mu yi sallama a kan lokaci. Zumunci a ƙafa yake, kuma muna so ƙafar jikokinmu ta tarar da hanyar Yola a buɗe kamar yadda muka tarar da ita.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya ƙara danƙon zumunci tsakaninmu da maƙwabtanmu.