Daga Akihabara Zuwa Uji: Ƙasar Da Gem Ɗin Falonki Ya Fito

 A wannan wata za mu nufi ƙasar Jafan, domin mu ga asalin na'urar nan da ke jone da talabijin a falon gidaje da dama, wadda yara ke ce wa gem. Wataƙila maigida ne ya sayo ta, wataƙila kuma naki yaran har yanzu gidan gem na unguwa suke zuwa, suna ta roƙon a sayo musu tasu. Ko ma wanne ne, ya kamata ki san abin da kika saukar, ko za ki saukar, a gidanki. Daga cikin manyan kamfanoni uku da ke ƙera waɗannan na'urori, biyu na Jafan ne, wato Sony mai PlayStation da kuma Nintendo. Na ukun, Microsoft mai Xbox, na Amurka ne.

Zangonmu na farko shi ne Akihabara, wata unguwa a birnin Tokiyo. Daga babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin, tasha ta biyu ce a layin Yamanote. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, 'yan tebur masu sayar da kayan gyaran rediyo ne suka fara yada zango a nan, kuma har gobe akwai irin rumfunansu a 'yan lunguna ƙarƙashin gadar jirgi. Daga rediyo aka koma talabijin da firji da injin wanki, sannan kwamfuta, har unguwar ta yi suna da Garin Lantarki. Yau idan kika fito daga tasha, dogayen benaye ne za su tare ki, an lulluɓe su da hotunan 'yan katun da fitilu, ga kiɗa na tashi ta kowace ƙofa. Ranar Lahadi da rana, in yanayi ya yi kyau, akan rufe babban titin unguwar, Chuo-dori, a bar wa masu tafiya a ƙasa.

Ki daure ki hau benen wani kanti da ake kira Super Potato, inda ake sayar da tsofaffin na'urori. A nan za ki ga wata 'yar ƙarama mai launin fari da ja, wadda Nintendo ya fitar a watan Yuli na 1983 a kan yen 14,800. Sunanta Family Computer, wato kwamfutar iyali, ana taƙaita shi da Famicom. Ki lura da kyau, abin dannawa biyu gare ta, kowanne an ɗaure shi da waya a jikinta. Ma'ana, tun daga farko an yi ta ne don a ajiye gaban talabijin ɗin gida, mutum biyu su zauna kusa da juna su yi wasa, sauran mutanen gida na kallo.

Idan kika tsallaka ɗaya gefen tashar zuwa katafaren kantin Yodobashi, wanda aka buɗe a 2005, sai ki ga inda aka kwana. Sony ya shigo fagen ne a watan Disamba na 1994 da PlayStation ta farko. A shekarar 2000 ya fitar da ta biyu, wadda ban da wasa tana kunna faifan DVD, a farashin da bai kai na yawancin na'urorin DVD na wancan lokaci ba. Iyalai da yawa sun saye ta don kallon fim, shi ya sa aka sayar da fiye da miliyan 150. Daga nan gem ya tashi daga abin wasan yara ya zama abin nishaɗin gida baki ɗaya. PlayStation 5 da ta fito a 2020, da takwarorinta na Xbox, suna hawa intanet, ana kallon YouTube da Netflix a kansu, ana sayen sabon wasa da katin banki ba tare da an je kanti ba, kuma yaro na zaune a falo zai yi magana da wanda ke wata nahiya. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi buƙatar idonki, domin kuwa ƙofa ce da baƙo kan shigo ta ba tare da ya yi sallama a zaure ba.

Kafin ki bar kantin, ki ɗauki kwalin wasa ɗaya ki duba kusurwarsa. Za ki ga harafi. Hukumar CERO, wadda aka kafa a 2002, ita ke tantance wasanni a Jafan: A na kowa da kowa ne, B daga shekara 12, C daga 15, D daga 17, sai Z wanda ba a sayar wa wanda bai kai 18 ba. Fayafayan da ake kawowa kasuwanninmu galibi na Turai ne ko na Amurka. Na Turai lamba ce a jiki, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18. Na Amurka kuwa E na kowa ne, T na matasa, M na 'yan 17 zuwa sama. Wannan alama ba ta nuna wahalar wasa, tana nuna abin da ke ciki ne na zubar da jini ko batsa ko ashar. Haka nan mai niyyar tsaraba ta kiyaye: da aka fitar da Switch 2 a watan Yuni na 2025, an yi wata mai rahusa don amfani a cikin Jafan kawai, wadda ba ta jin wani harshe sai Jafananci.

Zango na biyu sai mun shiga jirgin nan mai gudun tsiya, Shinkansen, wanda kan kai Kiyoto daga Tokiyo cikin awa biyu da kusan kwata. Ki nemi kujerar hannun dama, in gari ya yi wasai za ki hango dutsen Fuji. A Kiyoto ne wani mai sana'a, Fusajiro Yamauchi, ya kafa Nintendo a 1889, yana yin katin wasa da hannu mai suna hanafuda. Kati 48 ne, an kasa su gida 12, kowane gida da furen watansa.

Kudu da Kiyoto kaɗan akwai garin Uji, wanda ya shahara da koren ganyen shayi. A nan, kusa da tashar Ogura, kamfanin ya mayar da tsohuwar masana'antarsa gidan tarihi, aka buɗe shi ranar 2 ga Oktoba, 2024. Ba a sayar da tikiti a bakin ƙofa, sai an nema ta intanet tun da wuri, galibi ta hanyar ƙuri'a. A bene an jera kayan da kamfanin ya yi tun daga kati. Za ki yi mamakin ganin har keken tura jarirai sun taɓa ƙerawa kafin su dace da sana'ar da ta karɓe su. Ga kuma Wii ta 2006, wadda ake wasanta a tsaye ana wurga hannu, har ta jawo iyaye da kakanni cikin wasa. A ƙasa kuwa wurin gwaji ne. Akwai abin dannawa da aka yi shi ƙato, wanda mutum ɗaya ba zai iya sarrafa shi ba, dole sai biyu sun haɗa kai, wannan na danna tafiya, wancan na danna tsalle. Kowane baƙo ana sa masa sulalla goma a katin shigarsa, ko wane wasa da abin da yake ci, in sun ƙare shi ke nan, ba a sayar da ƙari. Ashe su kansu masu abin sun san wasa sai da iyaka.

Hasali ma maganar iyaka ta daɗe tana damun iyayen Jafan. A 2020 jihar Kagawa ta yi doka da ke shawartar iyaye kada yaron da bai kai 18 ba ya wuce minti 60 yana gem a ranar makaranta, ko minti 90 a ranar hutu. Dokar ba ta tanadi hukunci ba, kuma ta sha suka daga masu ganin cewa wannan hurumin iyaye ne. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka, wato idan wasa ya fi ƙarfin mutum har ya danne karatu da barci da zumunci na tsawon lokaci, akasari shekara guda. Yawancin masu wasa ba su kai nan ba, saboda haka ba abin tayar da hankali ba ne don yaronki na son ƙwallon gem.

To me za mu ƙullo a bakin zane daga wannan tafiya? Na farko, a bar na'urar a falo inda aka yi ta domin shi, kada ta koma ɗakin kwanan yara. Na biyu, duk na'urorin nan uku suna da sashen kulawar iyaye. A ciki za ki iya ƙayyade awannin wasa, ki toshe wasan da ya fi shekarun yaro, ki hana hira da baƙi, ki kuma hana kashe kuɗi. Nintendo har manhajar waya gare shi, wadda za ta nuna miki abin da aka buga da tsawon lokacin da aka ɗauka, ta kuma dakatar da wasa in lokaci ya cika. Ki zauna da maigida ku saita tare, lambar sirri ta tsaya a tsakaninku, kuma kada a bar katin banki a maƙale. Na uku, wata rana bayan an gama aikin makaranta, ki karɓi abin dannawa na biyu ki ce a koya miki. Za su yi miki dariya, za su cinye ki, amma a zama ɗaya za ki san wasan da suke yi da waɗanda suke yi da su fiye da abin da tambayar wata guda za ta gaya miki.