Sawun Ɗan Dako

Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da adabi, kuma da wuya a sami zangon karatun da ya wuce ban tsaya gaban allo na warware wa ɗalibai salsalar wani sarki ba. Na san wanda ya haifi wane da wanda ya gaji wane har kaka bakwai, domin makaɗan fada sun adana mana, marubuta kuma sun ɗora. To, wata rana sai 'yata ta dawo daga makaranta da aikin gida, wai an ce kowa ya zana bishiyar danginsa. Ta rubuta sunana, ta rubuta na mahaifina, Allah Ya jiƙansa, sa'an nan ta ɗago kai ta ce, "Baba, wa ya haifi Kaka, kuma mece ce sana'arsa?" Sunan dai na sani, tunda shi aka mayar mini. Sana'ar ma na sani, amma sai na ji harshena ya yi nauyi. Na ce mata ɗan kasuwa ne. Ta duƙa ta rubuta.

Gaskiyar magana ita ce, kakana ɗan dako ne. Huhun goro yake ɗauka a ka a Sabo ta Badun, kuma a can ya rasu, mahaifina yana ɗan yaye a wani ƙauye na ƙasar Zazzau. Iyakar abin da na gada game da shi ke nan. Ƙaryar da na yi wa yarinya ita ta hana ni barci a wannan dare, ita ce kuma ta jefa ni cikin neman da zan ba mai karatu labarinsa.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa wata hira ce da na taɓa yi da wata Baturiya, malamar tarihi, a wurin taron ƙara wa juna sani. Kakanninta masaƙa ne a masana'antun auduga na Lankashaya, talakawa tilis, amma ta bi sawunsu har ƙarni biyu. Ta bayyana mini cewa tun 1538 aka umarci kowane coci a Ingila ya riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma da wanda aka ɗaura wa aure da wanda aka binne. Daga 1841 kuma ƙidayar da suke yi duk shekara goma ta fara ɗaukar sunan kowane mutum a gida, da shekarunsa, da sana'arsa. Akan rufe takardun har shekara ɗari, shi ya sa sai a 2022 aka buɗe na 1921. A cikinsu ta ga wata kakarta tana 'yar shekara goma an rubuta mata sana'a, daga baya ta gan ta da aure, a ƙarshe ta same ta a rajistar maƙabarta, an haɗa ta rami ɗaya da waɗansu baƙi domin babu kuɗin sayen kabari. Na nuna sha'awa, sai ta ce kada in ɗauka ƙauna ce ta sa aka rubuta su. Hukuma na so ne ta san Ikklesiyar da nauyin matalauci zai hau kanta. Duk da haka, an rubuta.

Na fara da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Badun, wadda Kenneth Dike ya assasa a 1954, daga baya na wuce reshenta na Kaduna, inda fayilolin lardunan Arewa suke. Na shiga da zumuɗin mai zuwa karɓar ajiya. Abin da na tarar kuwa lissafi ne. An yi ƙidaya a 1911 da 1921 da 1931, sa'an nan a 1952 zuwa 1953, amma a Arewa waɗanda suka gabata sun dogara ƙwarai a kan lissafin haraji, kuma abin da ya iso hannuna jadawali ne zalla: maza baligai kaza, mata kaza, yara kaza. Na sami rahoton ƙiyasin haraji na gundumarmu, wanda wani Di'o ya rubuta da kyakkyawan hannu. Ya ƙirga shanu da tumaki da jakuna, ya faɗi yawan maƙera da marina, ya kawo salsalar hakimi filla-filla, har da ra'ayinsa game da halin dagatai. Sunan ƙauyenmu yana nan, an karkata rubutunsa yadda kunnen Bature ya ji. A gabansa akwai adadin maza baligai. Na daɗe ina kallon wannan adadi, domin na san ɗaya daga cikinsu nawa ne.

Wuri na biyu da na yi tsammanin ganinsa shi ne fayilolin ɗiban gwamna. Bayan Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa yanka wa kowace En'e adadin mutanen da za ta kawo, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya dubi gidan da ba shi da mai tsaya masa. Dubun-dubatar manoma aka kwasa zuwa ramukan kuza, cikin sanyin da ba su saba da shi ba da ƙarancin abinci. Waɗansu suka mutu, da yawa suka gudu. Bill Freund ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1981 a kan ƙwadago a ma'adinan kuza. A fayilolin da na duba, an kawo mutum kaza, kaza sun tsere, kaza sun kwanta asibiti. Inda suna ya fito ma, yawanci sunan yanka ne aka liƙa masa garin da ya fito, irin su Audu Zariya, wanda mutum ɗari za su amsa.

Ban ga laifin takarda ita kaɗai ba. Mu ma al'adarmu ba ta barin irin wannan sawu. Ranar suna liman ya raɗa, maroƙi ya yi shela, an ci goro an watse. Ranar mutuwa an yi sutura, an jera itace ko fasassun tukwane, an mayar da ƙasa, damina uku ta shafe tudun. Ban taɓa ganin aibu a cikin wannan ba, har yau ma ban gani ba, domin mamaci addu'a yake bukata. Sai dai wanda ya mutu a garinsu yana da masu nuna gefen da yake kwance. Wanda ya mutu a baƙunci fa?

Da takardu suka ƙare, na tafi inda ya kamata in fara, wato wurin Goggo, yayar mahaifina, wadda ta haura tamanin. Ba ta taɓa kiran sunana ba, Baba take ce mini, saboda sunan ubanta ne a kaina. Na gaishe ta, na faɗi abin da ke tafe da ni.

Ta ce, "Baba, sai yanzu? Da ubanka na da rai ba ka tambaya ba."

Na sunkuyar da kai, ta ci gaba. Shekara ba ta sani ba, amma ta san an ɗebe shi ana gab da yankan dawa, kuma ya dawo da tari wanda bai rabu da shi ba. Ta ce haraji ne ya kore shi Kurmi shekarar da tsutsa ta ci auduga. Sau biyu yana dawowa, ya zo mata da ɗan kwali da ƙwaryar goro. Abin da ta fi tunawa shi ne tsakiyar kansa, inda gashi ya ƙare saboda gammo, wurin ya yi santsi kamar bayan ludayi, tana yarinya takan shafa ta yi dariya. Sa'an nan ta faɗi laƙabin mai gidan da yake kwana a zaurensa a Badun, domin daga gidan aka aiko da labarin rasuwar, tare da buzunsa da sule goma sha biyu.

Da wannan laƙabi na koma Sabo. Unguwar tun 1916 take, kuma Abner Cohen ya rubuta littafi a kanta a 1969, inda ya nuna yadda masu gida suke riƙe da cinikin goro da na shanu, kowanne da dillalansa da malaminsa da yaransa. Na karanta littafin tun ina ɗalibi, ban taɓa kawo wa raina cewa kakana na cikin waɗanda ke kwana a waɗannan zaurukan ba. Bayan kwana uku ina tambaya aka kai ni wurin wani dattijo, jikan mai gidan. Ya saurare ni har na gama, ya shiga ciki, ya fito da wani kundi a cikin gafaka, bakinsa duk gara ta ci. Littafin bashin gidan ne, da ajami. Wanda ya biya, an ja layi a kan sunansa.

Muka yi yini biyu muna bi, shi yana karanta inda hannun malamin ya gagare ni. Galibi sunayen fatake ne da adadin huhu. Can wajen ƙarshe muka iske wani layi guda: sunana, sai kalmar Bazazzagi, sai ɗan dako, sai kuɗin akoko na likkafani, sule bakwai. Babu shekara. Ba a kuma ja layi a kansa ba.

Ilimin da na yi ya hana ni cewa shi ne. Zazzagawa masu wannan suna da suka yi dako a Badun ba za su ƙirgu ba, kuma da ɗalibina ne ya kawo mini wannan a matsayin hujja, da na mayar masa da babin. Amma kowa ya san abin da aka ce game da mamacin da ya tafi da bashi a wuyansa. Na sa hannu a aljihu, na ce, "Baba, nawa sule bakwai ta zama yau?" Dattijon ya riƙe hannuna, ya ce kakansa bai taɓa karɓar kuɗin likkafanin baƙo ba, malamin gida ne ba ya barin kwabo ya fita bai rubuta ba. Ya ce, "Ko naka ne ko na wani, mun yafe." Ya aika aka kawo biro, ya miƙo mini, na ja layin da hannuna.

Da na dawo gida na kira 'yata na gaya mata sana'ar kakan nata ta gaskiya, da tarin, da santsin kan. Takardar tuni ta miƙa, malama ta ba ta maki. Ba ta nuna damuwa ba ko kaɗan, tambaya ɗaya kawai ta yi, wai mene ne gammo. Na ɗauko rawanin da nake zuwa Idi da shi na shiga naɗewa don in nuna mata, ina sakin hannu yana warwarewa, har uwarta ta leƙo daga madafa ta karɓa ta naɗa mana.