Agogo da yatsu biyu

Litinin, 7 ga Afrilu
Bugun zuciya na hutu: 72, in ji agogon. Watan jiya tsakanin 63 da 65 yake tsayawa. Zafi, babu wuta tun la'asar. Barci rabi da rabi.

Talata, 8
74. Bayan asuba na zauna a kan darduma har numfashi ya daidaita, na ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannu, gefen babban yatsa, na ƙirga minti guda cur: 68. Agogon a daidai lokacin 69. A zaune dai ba su saɓa ba. Wancan 74 kuwa lissafi ne da manhajar agogon ke haɗawa daga barcin dare da zaman rana, kuma kowane kamfani da nasa tsarin. Hankali ya ɗan kwanta.

Alhamis, 10
Na cire agogon na juya bayansa. Koren haske na ƙiftawa, ga gumi ya bushe a jikin gilashin, fari-fari. Jini na shanye koren haske. Duk bugu jini ya ƙaru a ƙarƙashin fata, hasken da ke dawowa ya ragu. Wannan hawa da saukar yake ƙirgawa. Fatata kuma baƙa ce, baƙar fata ma tana shan hasken. A nan damuwata take. Masu bincike a Jami'ar Duke, a 2020, sun gwada mutum 53 ba su ga bambanci mai ƙarfi tsakanin launin fata ba, motsi ne ya fi rikita na'urar. A Stanford, 2017, shida cikin na'urori bakwai kuskurensu a bugun zuciya bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Ina so in yarda. Amma mutum 53 sun yi kaɗan a yanke hukunci kan fatar duniya.

Juma'a, 11
Na goge gilashin, na matse maɗaurin, na ɗaga shi sama da ƙashin wuyan hannu kaɗan. Goro na bari, shayin dare ma.

Lahadi, 13
75. Kai nauyi. Baki ɗaci. Ban fita ba.

Talata, 15
Asibiti. Kati, layi, benci mai zafi. Nas ta ɗaura mini na'urar awon jini: bugu 81, agogon 83. Ta ce, "Baba, daga 60 zuwa 100 duk lafiya ne ga babba, kuma yanzu ka shigo daga rana. Ruwa nawa kake sha?" Na nuna mata jadawalin makonnin nan a waya. Ta tsaya ta duba da kyau, ta ce lambar rana ɗaya ba ta dame ta ba, hawan da ya yi daga inda ya saba shi ne abin lura. Zazzaɓi na ɗaga bugu, ƙarancin ruwa a jiki ma haka. An ɗebi jini.

Laraba, 16
73 a agogo, 70 da yatsu. Gora uku na ruwa kafin azahar. Hadari ya haɗu a gabas, iska ta watsa shi. Sakamakon gwajin sai gobe da ƙarfe goma.